Ɓargona a Jikin Sani

Zuwa ga Dokta, likitar fata, mai bincike a kan abin da maganin kansa da aikin dashe ke bari a fatar mutum.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da iyalinki da abokan aikinki na can ƙasar sanyi. Ban rubuta sunanki ba, domin ba tozarta ki na fito yi ba, kuma kin san kanki. Ni ce Hadiza, yayar Sani mai yadi na Kasuwar Kongo, wanda aka yi wa dashen ɓargo a asibitin da kike aiki. A jikina aka ɗebi ɓargon. Na yi ta aiko miki saƙo a waya har na fara jin kunyar kaina, ina ganin alamar an buɗe, amsa ba ta zuwa. Shi ya sa na fito fili. Da gangan na rubuta da Hausa, ko da yake da Faransanci nake cin abinci a ofis, saboda ina so mutanen unguwarmu ta New Bell su karanta, wanda bai iya ba a karanta masa. Ke kuwa ba za ki rasa mai fassara miki ba.

Abin da ke tafe da ni guda ɗaya ne. Ƙanena yana kwance a gidan mahaifiyarmu, fatarsa tana ƙandarewa a jikinsa, ni kuma an hana ni shiga ɗakinsa. Maganar da kika fara a tsakar gidanmu ba ki ƙarasa ba ita ta jawo haka, kuma ban ga bakin da zai warware ta ba sai naki.

Ba zan yi butulci ba. Kansar jini ta so ɗauke Sani, Allah Ya sa jinina ya dace da nasa, kuka yi aikinku, kansar ta tafi har yau ba ta dawo ba. Filinmu na gado da ke Yassa ya tafi a kan wannan tafiya, 'yan kasuwa suka yi karo-karo, kuma ko kusa ba na da-na-sani. Kukana a kan abin da ya biyo baya ne, ga shi dalla-dalla.

Na farko, hotunanki.

Ana gab da sallamarmu aka turo ki ɗakin Sani. Kina shigowa kika ce masa "ashiya", sannun mutanen Duwala, sai na ji kamar 'yar uwata ta faɗo daga sama a cikin waɗannan Turawa. Kika zauna a bakin gado, kika bayyana mana cewa wani lokaci sabon ɓargo yakan juya ya yaƙi jikin da aka saka shi, kuma a fata yakan fara nunawa. Kika ce idan an kama shi da wuri ana iya kwantar da shi. Sannan kika buɗe hotuna kina nuna mana bayan mutane, da ƙirjinsu, da tafin hannunsu, duk sun yi jajir kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Kika ce da zarar mun ga fata ta yi ja, mu kira ku, kada mu kwana.

Dokta, duk fatar da ke cikin hotunan nan fara ce. Sani ma sai da ya tsokane ki, ya ce, "Ai waɗannan ko mari aka yi musu haka za su yi." Kika yi dariya, muka yi dariya, aka wuce wurin. Mu ba mu san akwai abin tambaya a nan ba. Ke ce kika shekara da shekaru kina nazarin fata, kuma hannun da ke riƙe da hotunan nan baƙi ne wuluk irin nawa. Da kin ƙara mana kalma biyu kawai, kin ce a jikinmu ba lallai ya yi ja ba, da yau ba wannan wasiƙa nake rubutawa ba.

Na biyu, jiran da muka yi.

Muka dawo gida aka yi murna, aka yi sauka, Inna ta raba waina har layin baya. Bayan wasu watanni Sani ya koma rumfarsa. Da zafin nan na gabanin damina ya kama, sai ya fara susa. To, wa ba ya susa a New Bell a wannan lokaci? Kin tashi a garin nan, kin san ƙurajen zafi da muke kira burbuy. Jariri da tsoho, limami da ɗan bensikin mai haya da babur, kowa wuyansa fari fat da hoda. Inna ta sayo babban gwangwani ta riƙa baɗe shi kamar jinjiri, yana cewa ta bari haka kada a ɗauka fulawa yake sayarwa.

Kada ki ce mun yi sakaci. Duk Juma'a nakan ƙetaro gada daga Sodiko inda nake aure, in sa shi ya tuɓe riga, in tsayar da shi a bakin ƙofa inda haske yake, in duba bayansa taku-taku. Na ga wurare sun yi duhu, wasu sun yi toka-toka, wasu suna sheƙi. Shi kuma ya riƙe madubi yana yi mini iyayi: "Yaya, shekara nawa ina sayar da yadi? Wannan ruwan toka ne. Na kafaɗar nan makuba ne. Ja ba ya ɓuya, ko a cikin duhun rumfa ina gane shi." Mutum ne da mata ke kawo wa ƙyalle ɗan mitsitsi ya zaƙulo musu irinsa a cikin tulin shadda. In ya ce ba ja ba ne, wa zai yi musu? Sai mu ce alhamdu lillahi, in koma gida da farin ciki. Daga asibitinku ma in an kira, tambayar ke nan, ko akwai ja a jikinsa. Mu ce babu. A ce madalla.

Da dabbare-dabbaren ya hau wuyansa da fuskarsa, na ja shi ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Ma'aikacin da ya duba shi ko taɓa shi bai yi ba. Ya kalle shi ya yi murmushi, ya ce, "Patron, ka bar njansan mana, ai na mata ne." Wato yana nufin man bilicin yake shafawa. Na miƙa masa takardun dashe, ya juya su sau ɗaya ya maido mini. Sani, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya fito daga wurin nan kansa a ƙasa. Daga ranar ya koma sa riga mai dogon hannu, ya naɗa rawani a wannan zafi, ya daina yarda in duba shi. Wani likitan kuma ya ce makero ne, ya rubuta man shafawa. Ba na zaginsu. Ba su taɓa ganin wanda aka yi wa dashen ɓargo ba, kuma ina jin su ma irin hotunanki aka koya musu da su.

Haka damina ta shiga ta fita, muna zaune muna gadin launin da ba zai taɓa zuwa ba.

Na uku, zuwanki gidanmu.

Abin da ya tona asiri shi ne awo. Mai yadi da buɗe hannu yake cin abinci, ya kama bakin yadi ya miƙe hannu ya ninka. Wata rana maƙwabcin rumfarsa ya kira ni, ya ce in zo in ga Sani, hannunsa ya ƙi miƙewa, yaron shago ke yi masa awo. Kafin wani lokaci ruku'u ya gagara, ya koma salla a zaune. Bakinsa ya cika da miki, ko kunu sai ya huce sarai. Idanunsa suka bushe, har in ya yi kuka sai dai ki ji sauti, hawaye babu.

A daidai lokacin na ji kin zo Duwala taron likitoci. Na roƙe ki, kuma kika zo har gida, kika tsallako kwatocin unguwarmu da takalminki mai tsini. Wannan alheri ne, ban manta ba. Kika kama fatar damtsensa za ki ɗaga, ta ƙi ɗaguwa, ta manne da nama kamar busasshen ƙirgi. Na ga yadda fuskarki ta canza. Kika juyo kika tambaye ni me ya sa muka jira har haka. Na ce miki ja muke jira. Kika sunkuyar da kai. Daga nan kika nemi izini kika ɗauki hotuna, gaba da baya, kusa da nesa, kika ce za su yi amfani ƙwarai a bincikenki.

Da muka fito tsakar gida Inna ta tare ki. Tsohuwa ce, ba ta jin Faransanci, kuma tana zaune ne da maƙwabta da suka shigo ganin likitar Turai, cikinsu har da Goggo Asabe, aminiyarta tun suna amare. Inna ta ce in tambaye ki mene ne ke cin ɗanta. Kika ce ɓargon yayarsa ne bai gane jikinsa ba, ya ɗauke shi baƙo, shi ne yake yaƙar sa ta ciki. Ni na fassara, Dokta. Da bakina na faɗa wa uwata, a gaban mata, cewa abin da ya fito daga jikina shi ke cin ƙanena. Ban rage ba, ban ƙara ba, domin a lokacin hankalina yana kan Sani, ban tsaya na ji yadda maganar za ta sauka a kunnen da bai taɓa shiga aji ba.

Sai direbanki ya danna oda a waje. Kika duba agogo, kika rubuta a ƙara masa wani magani, kika ce za ki tattauna da manyanki ki aiko mana da abin da za a yi. Kika tafi. Ba ki tsaya kin gaya musu cewa wannan ɓargon ne ya kori kansar ba, kuma shi ke riƙe da ransa har yanzu. Ba ki gaya musu cewa haka yakan faru ga wasu ba tare da laifin kowa ba. Na yi ƙoƙarin faɗa da kaina bayan fitarki, amma wa zai saurari wanda ake tuhuma yana wanke kansa?

Na huɗu, abin da unguwa ta yi da maganarki.

A wajenku wannan ilimi ne. A wajenmu, mutumin da abin cikinsa ke cin ɗan uwansa suna ɗaya gare shi, kuma kin san sunan. Kafin mako ya zagayo na zama mayya. Likita ma ta faɗa, in ji su, kuma Hadiza da kanta ta amsa da bakinta. Da aka tuna cewa ai maita a nono ake sha, kuma hakan zai shafi Inna, sai aka gyara zancen: ba gado na yi ba, a ofis na saya. Ashe ba a shekarar aka ƙara mini girma ba? Kin san yadda garin nan yake, ba wanda ke hawa kujera da guminsa, sai an ce ya ba da wani nasa. Ni da na kwanta aka huda ƙashin ƙuguna, na yi makonni ina tafiya kamar mai tsohon ciki, ni ce wai na sayar da Sani saboda teburi mai fanka.

Matan da na goya wa 'ya'ya yanzu in na shigo layi sai su janye yaransu. Mai ƙosan da nake saye wurinta tun ina 'yar firamare ta ce in ajiye kuɗin a kan benci. Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya karya ni shi ne Inna. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Wata rana bayan la'asar na zo da man kaɗe zan shafa masa kamar kullum, sai ta riƙe kwalbar. Ta durƙusa a gabana, matar da ta haife ni, ta kama ƙafata, ta ce, "Hadiza, na san ba da son ranki ba ne. Don darajar nonon da kika sha, ki tsallake shi, ki sakar mini ɗana."

Wataƙila kin daɗe a waje kin manta. In ana zargin mutum ya kama kurwar wani, akan kwantar da mara lafiya a sa wanda ake zargi ya tsallake shi, sannan ya kurkure bakinsa da ruwa a ba mara lafiyan ya sha. Wanda ya yarda ya yi, ya amsa laifi ke nan a gaban duniya, shi da 'ya'yansa.

Na tsallake shi, Dokta. Ni mai takardun makaranta, mai salla biyar, wadda ta san sarai babu komai a cikin wannan abu. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da Sani yana cewa a bari, ba wanda ya kula shi. Na cire mayafi da takalmi, na ɗaga ƙafa na ƙetare ƙanena, mata suna leƙe ta katanga. Ina ƙetarawa ya ɗago ido ya ce a hankali, "Yaya, yi sannu kada ki taka ni, kin ƙara nauyi." Ya so in yi dariya ne. Ban iya ba.

Sai Goggo Asabe ta miƙo kofin ruwa. A nan na tsaya. Na tuna yadda kuka hana mu ko sumbatar hannunsa, yadda kuka ce ƙwayar cutar da ba ta komai ga mai lafiya tana iya kai shi kabari, ga shi an ƙara masa maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, ga bakinsa duk miki, ni kuma ina fama da mura a ranar. Na ce wannan kam ba zan yi ba. Goggo Asabe ta ce, "To, kun gani. Ta saki rabi ta riƙe rabi." Inna ta tashi, ta sa aka mayar da shi ɗaki, ta ce kada in ƙara taka bakin ƙofar sai ranar da na shirya ba shi ruwan.

Kin ga inda biyayya gare ku ta kai ni sau biyu. Na jira ja saboda kun ce ja, ƙanena ya ƙandare. Na hana ruwa saboda kun ce a kiyaye, aka raba ni da shi.

Na biyar, halin da ake ciki yau.

Matarsa tana iya ƙoƙarinta, amma ga yara, ga tsoron Inna, kuma ba ta karanta sunayen magunguna. Ni na san wanda ake sha kafin abinci da wanda ake ɗigawa a ido. Ni na san yadda ake miƙe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da fatar ta tsage ba. Yanzu sai dai in zo in tsaya a bayan tagarsa, ta wajen kwata, mu yi magana ta cikin raga. Yatsunsa ba sa iya danna waya. Numfashinsa ya fara gajarta, ya ce ji yake kamar an ɗinka masa riga ba a auna shi ba, kullum kuma ana ƙara rage ta. Na san abin da hakan ke nufi, ba sai kin ɓoye mini ba. Na daina sa rai zai koma rumfa. In faɗa miki gaskiya, na kusa daina sa rai da komai.

Jiya ta tagar ya ce mini, "Yaya, ki kawo ruwan nan in sha mu huta. Ɓargonki ma na sha ban mutu ba, balle yawunki." Na ce masa likita ta hana. Ya ce, "Wace likitar? Tana ina?"

Saboda haka, ga roƙona, kuma ba na kuɗi ba ne.

Ki gaya mana gaskiya a kan Sani. In akwai sauran abin yi, ki faɗa, mu san ƙofar da za mu buga. In babu, ki faɗa, mu daina zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara. Shirunki ya fi kowace amsa ciwo.

Hotunan da kika ɗauka, Sani ya ce in gaya miki ya yafe, ki sa su a gaba-gaba cikin waɗanda kike nuna wa mutane, har da fuskarsa in kina so. Ya ce ki rubuta a ƙasa cewa ruwan toka ne da makuba, in ji mai yadi. Ki aika wa ƙananan asibitocin garin nan ma, don kada a ƙara yi wa wani bawan Allah dariyar bilicin alhali jikinsa ke ci.

Babban roƙona shi ne ki ƙarasa maganarki. In zuwa ya yi miki nisa, ki kira ta bidiyo, da farar rigarki, in sa a kai wa Inna wayar. Ki nemo mai fassara wanda ba ni ba, domin bakina ya riga ya mutu a gidan nan. Ba na cewa ki yi ƙarya. Ɓargona ne, na sani, kuma da wannan sanin nake kwana nake tashi. Ki dai gaya mata ɗaya rabin, cewa ba don shi ba da tuni an yi sadakar arba'in ɗin ɗanta, kuma ɓargo ba ya jin umarnin mai shi, da yana ji da na kira abina ya dawo tun ranar farko.

Idan kuma ba ki samu sukunin ko ɗaya ba, to ki amsa mini tambaya guda, ko da kalma ɗaya ce: ruwan nan zai kashe shi? Murar ta sake ni. Na sayi sabon kofi, na dafa shi, yana cikin jakata. Ba zan iya ci gaba da tsayuwa a bayan taga ina sauraron numfashinsa yana raguwa ba. In ban ji daga gare ki ba, zan shiga gidan nan in kurkure bakina a gaban duk wanda ke son kallo, in karɓi sunan da suka ba ni har abada, ni da 'ya'yana, don a bar ni in riƙe hannun ƙanena a kwanakin da suka rage. In ruwan ya yi masa illa, to a karo na biyu abin da ya fito daga jikina ne, kuma wannan karon ina sane.

Allah Ya yi wa bincikenki albarka, Ya sa ya amfani waɗanda za su zo bayanmu, tunda mu ya zo mana a makare. Allah Ya kare ki da zuri'arki, kada Ya taɓa nuna miki ranar da mahaifiyarki za ta durƙusa a gabanki tana roƙon ki saki ɗanta.

Ina jira, kofin yana jaka.

Wassalam.

Hadiza, yayar Sani,
daga bayan taga, Unguwar Hausawa, New Bell, Duwala.